Ranar da na dangwala wa jam'iyyar da ba za ta ci ba

Daren ranar zaɓe.

Ɗazu na dawo gida bayan an gama ƙidayar rumfarmu, tawada tana nan a babban yatsana, kuma ina so in rubuta abin da ya gudana tun kafin sakamako ya fito ya sauya mini yadda nake tuna shi. Yau na ba wata ƙaramar jam'iyya ƙuri'ata, alhali na san ba za ta ci ba, bayan na shafe kusan mako uku ina kai da komowa a zuciyata.

Da sassafe na tarar da yayana a layi, yana gabana da mutum biyu. Ya san niyyata tun a makon jiya, saboda haka bayan mun gaisa bai ɓata lokaci ba. Ya ce, "Ƙanena, yanzu kai da hankalinka za ka tashi tun asuba, ka tsaya a rana, don kawai ka zubar da ƙuri'arka?" Na ce, "Yaya, ai ba zubarwa zan yi ba, ajiya zan yi." Ya yi dariya, ya ce ajiyar da ba a komawa a ɗauka sunanta asara.

Yaya mutum ne mai bin labaran siyasar duniya, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya tuna mini zaɓen shugaban ƙasar Amurka na shekarar 2000, inda George W. Bush ya kayar da Al Gore a jihar Florida da ƙuri'a 537 kacal, alhali Ralph Nader na jam'iyyar Green ya samu fiye da ƙuri'a 97,000 a wannan jihar. A ganinsa, mafi yawan waɗanda suka zaɓi Nader sun fi kusa da Gore a ra'ayi, amma da hannunsu suka buɗe wa wanda suka fi ƙi ƙofa. Ya ce ƙaramar jam'iyya ba babban abokin gabarta take cutarwa ba, maƙwabciyarta a ra'ayi take yagar wa ƙuri'u. Na yi shiru, domin ban taɓa samun cikakkiyar amsar wannan magana ba, kuma yau ma ban samu ba.

Abin da yake faɗa yana da tushe a ilimi. Tun a farkon shekarun 1950 wani masanin siyasa ɗan ƙasar Faransa, Maurice Duverger, ya lura cewa duk inda ake ba wanda ya fi kowa yawan ƙuri'a kujerar mazaɓa shi kaɗai a zagaye guda, to siyasar wurin takan taru a hannun manyan jam'iyyu biyu. Dalilin kashi biyu ne. Na farko, tsarin ƙidayar da kansa yana tauye ƙanana, domin wanda ya zo na uku a kowace mazaɓa zai tashi hannu wofi ko da miliyoyin mutane ne suka zaɓe shi. Na biyu, masu zaɓe sun gane haka, sai su guje wa wanda suke so, su koma wa wanda suke ganin zai iya ci. Wannan dalili na biyu ne ya daɗe yana damuna, saboda zagaye ne da ba shi da mafita: ana ƙin zaɓen ƙaramar jam'iyya don ba za ta ci ba, ita kuwa ba za ta ci ba don an ƙi zaɓenta.

Da layi ya ɗan matsa, sai na kawo masa nawa misalin. A zaɓen Birtaniya na 2015, jam'iyyar UKIP, mai neman ƙasar ta fice daga Tarayyar Turai, ta samu ƙuri'u kusan miliyan 3.9, amma kujera ɗaya tak ta tsira da ita a majalisa mai kujeru 650. Idan da lissafin Yaya za a bi, duk waɗannan ƙuri'u asara ce. Sai dai tsoron ƙuri'un da wannan jam'iyya take janyewa yana cikin abubuwan da suka sa firaministan lokacin, David Cameron, tun a 2013, ya yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama kan zaman ƙasar a Tarayyar Turai, aka yi ta a 2016, ƙasar kuma ta fice. Ba wai ina yaba manufar jam'iyyar ba ne, wannan magana ce daban. Abin da na gani shi ne jam'iyya mai kujera ɗaya ta juya akalar ƙasa fiye da yadda wasu masu kujeru da yawa suka taɓa yi. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido. Babbar jam'iyya ba ta cika waiwayar ƙuri'ar da ta san tana aljihunta ba. Wadda ta kuɓuce mata ita take bi da tambayar me ya faru.

Yaya ya ce wannan sa'a ce da ba ta maimaituwa. Na ce masa ita kanta jam'iyyar Labour ta Birtaniya, da aka kafa a 1900, ƙaramar jam'iyya ce a bayan Conservative da Liberal, amma zuwa 1924 ta kafa gwamnati, kuma waɗanda suka zaɓe ta a shekarunta na farko lalle an gaya musu abin da yake gaya mini yanzu. Ya ce to ni ma in shirya jiran shekara 24. A nan aka kira shi, ya shiga.

Ba zan ɓoye wa wannan kundi ba: da na tsaya ni kaɗai da takardar ƙuri'a a hannuna, yatsana ya fara nufar alamar babbar jam'iyyar da na saba zaɓa. Sau uku ina zaɓenta, kuma a cikin ukun babu lokacin da na yi hakan don ta burge ni. Tsoron ɗayar ne kullum yake tura ni. Kowane zaɓe ana gaya mana cewa wannan karon ya fi kowane karo haɗari, a jure, a bari sai wani jiƙon, kuma wani jiƙon bai taɓa zuwa ba. Ba na cikin masu cewa manyan biyun Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, akwai bambanci a tsakaninsu kuma na san shi. Amma akwai batutuwan da suka haɗa baki wajen yin shiru a kansu, kuma a cikin 'yan takarar mazaɓarmu mutum ɗaya ne ya tsaya ya yi bayanin yadda za a binciki kuɗin da ake kashewa da sunanmu. Shi na dangwala wa, na ninke takardar, na jefa a akwati.

Da rana na zauna ina tunanin cewa wannan damuwa tawa ba kowane mai zaɓe a duniya ne yake da ita ba. A Jamus, jam'iyyar da ta kai kashi 5 cikin 100 na ƙuri'un ƙasa tana samun kujeru gwargwadon rabonta, kuma ta wannan ƙofa jam'iyyar masu rajin kare muhalli ta shiga majalisa a 1983, har ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa a 1998. A Ostireliya kuwa, tun 1918 mai zaɓe yana jera 'yan takara bisa fifiko, ta yadda idan na farkonsa ya faɗi, ƙuri'arsa za ta koma wa na biyunsa. Da irin wannan tsari muke da shi, da ni da Yaya ba mu da abin jayayya yau da safe. Abin takaicin shi ne waɗanda suke da ikon sauya dokar zaɓe su ne waɗanda dokar ta ɗora a kan kujeru.

Su ma ƙananan jam'iyyun suna da laifinsu. Da yawa ba a jin ɗuriyarsu sai an buga gangar zaɓe, wasu kuma ana gobe zaɓe sai a ji ɗan takararsu ya janye wa wani babba. Ko wadda na zaɓa yau ba ta turo wakili rumfarmu ba, kuma wannan ya ɓata mini rai, domin jam'iyyar da take neman in yi kasada da ƙuri'ata ya kamata aƙalla ta aiko wanda zai tsaya ya ga an ƙidaya ta.

Da yamma na koma don ganin ƙidaya. Malaman zaɓe suna ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya, tulin manyan biyu yana ta hauhawa kusan kafaɗa da kafaɗa, namu kuwa bai cika yatsun hannuwana biyu ba. Duk da haka na yi mamaki, domin na ɗauka ni kaɗai ne, ashe akwai wasu a layin nan da suka yi irin shawarata ba tare da mun san juna ba. Na riƙa duban fuskokin mutane ina ƙoƙarin gane su, ban gane ko ɗaya ba.

Yanzu Yaya ya bugo waya. Ya ce labarin da yake ji daga sauran rumfuna yana nuna tazarar da ke tsakanin manyan biyun a mazaɓarmu ba ta da yawa, kuma idan wanda muke gudu ya ci da 'yan ƙuri'u, gobe da safe ƙofata zai fara ƙwanƙwasawa. Na ce masa, "Yaya, ka zo, ƙofa a buɗe take." Ya ce Allah ya kai mu, na ce amin. Na bar rediyo a kunne kusa da matashina, har yanzu ba a fara sanar da sakamakon mazaɓarmu ba.