Kunamar Bindigar Baba Ta Ƙi Motsi

Bindigar toka ce, wadda Baba ya yi shekaru yana farauta da ita a dajin Gundumi. Bana da iskar hunturu ta taso, kunamarta ta yi tauri, sai ka sa yatsa biyu kafin ta motsa. Ƙanena ya ce a goge ta da zarto. Na hana, don in ƙarfe ya ci fiye da ƙima, bindiga kan tashi ba a shirya ba.

Na kai bindigar Maƙera Assada, unguwar maƙera a Sakkwato, bayan na tabbatar babu albarushi a cikinta. Maƙerin ya kwance, sai ga ƙura da tsohon man gyaɗa sun daskare. Kananzir da ɗigon man keken ɗinki kawai suka warware matsalar.

Ƙotar ce ta fi ba ni tunani, don ta tsage. Kirya ba ta jin gara, amma nauyinta sai ya gajiyar da kafaɗa. Maɗaci na zaɓa: ya fi sauƙin sassaƙa, ga ja mai kyau in ya sha man kaɗanya. Sharaɗina ɗaya, icen ya bushe sarai, in ba haka ba zafin Sakkwato zai lanƙwasa shi kafin damina.