Wasiƙa Daga Mesina: Kifin da Ba Ya Son Doguwar Suya

Assalamu alaikum jama'ar gida, manya da yara. Ina gaida kowa, da fatan an wuni lafiya. Tambayoyinku sun taru a wurina: maganar takardar zama, maganar sanyi, sai kuma wadda ta fi yawa, wai me muke ci a Italiya tunda babu tuwo. Zan taɓa duka in Allah ya yarda, amma bari in fara da ta ciki, don wasunku da suka ga hoton abincin darena sun rantse naman sa ne.

Kifi ne. Kifi mai takobi, wanda mutanen nan ke kira pesce spada. Muƙamuƙinsa na sama ne ya miƙe ya zama dogon takobi mai faɗi, da shi yake saran ƙananan kifaye kafin ya haɗiye su. Babbansa yakan haura kilo 400. Idan ka shiga kasuwar kifi a Sisili za ka tarar an kafa kansa a kan tebur, takobin na kallon sama, mai sayarwa yana yanka maka tsokar fala-fala. Babu ƙananan ƙayoyin nan da ke sa uwa ta zauna tana tsince wa yaro, ƙashi ɗaya ne a tsakiya.

Yadda ake kama shi ne ya fi ba ni mamaki, har yau ban gaji da kallo ba. Mesina na bakin wani mashigin teku da ya raba tsibirin Sisili da yankin Kalabiriya, inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 3 da ɗoriya ba. Daga watan Mayu zuwa Agusta kifin yakan ratsa ta nan. Masuntan suna da wani jirgi da suke kira feluca, a tsakiyarsa akwai dogon tsani na ƙarfe kamar hasumiyar masallacin Juma'a. Can ƙololuwa mutum yake zaune cikin rana yana leƙen ruwa, daga can ma ake tuƙa jirgin. A goshin jirgin kuma an miƙa wata siririyar gada da ta yi nisa a kan ruwa, mai mashi yana tsaye a ƙarshenta. Na sama ya hango, ya yi ihu, jirgi ya bi kifin, na ƙasa ya jefa mashi. Kifi ɗaya, mutum ɗaya, jifa ɗaya. Duk lokacin da na tsaya a gaɓar Ganzirri, wani ƙauyen masunta kusa da Mesina, ina kallonsu, Sarkawanmu na Yauri da masuntan Argungu nake tunawa, don su ne za su san darajar wannan hannu.

Masu tambayar halacci, da yake babbansa ba shi da ɓawo a jiki: a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta yi bayani.

To, ga girkin. Ina karɓar yanka mai kaurin santimita 2. In goge shi da tsumma mai tsabta har ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen kifi dahuwa yake yi a kasko, ba ya soyuwa. In barbaɗa gishiri da masoro. Kasko mai nauyi nake ɗorawa ya yi zafi sosai, sannan in zuba man zaitun cokali ɗaya ko biyu, ba fiye ba. Da na shimfiɗa kifin sai in cire hannuna. Minti 3 zuwa 4, gefensa zai fara fari daga ƙasa yana hawa, ya saki kaskon da kansa. In juya sau ɗaya, in ba shi minti 2 zuwa 3, in sauke. Masu ma'aunin zafi suna neman digiri 63 na ma'aunin Celsius a tsakiyarsa. Kafin nan na riga na kaɗa man zaitun da ruwan lemun tsami da dakakkiyar tafarnuwa da wani busasshen ganye mai ƙamshi da suke kira origano. Wannan haɗin shi ne salmoriglio, ana kwarara shi a kan kifin da zafinsa. Ni nakan ƙara yajin da aka aiko mini daga gida. Da burodi ko shinkafa da yankakken tumatir, kafin a kira Isha'i an ci an wanke kwano.

Mu a gida mun saba mu cika kasko da man gyaɗa, mu bar kifi a ciki har ya ƙandare. Akwai dalili: zafi da rashin wutar firij sun sa dole a soya shi yadda zai kwana bai lalace ba. Amma wannan kifin in ka yi masa haka ka yi asarar kuɗinka, kuma tsada gare shi. Ruwan jikinsa zai tsere, ya bushe, ka yi ta tauna babu daɗi. Wanda duk ya samu ɗanyen giwan ruwa da aka kamo a ranar, ya yanki tsokarsa ya gwada wannan hanya, sai dai ya tabbatar ya nuna har ciki, don kifin kogi ba a wasa da ɗanyensa. Ga sauƙin mai, ga ɗanɗanon da doguwar suya ke ɓoyewa.

Jan kunne ɗaya ga 'yan'uwanmu da ke Turai da Amurka. Da yake wannan kifin babba ne, yana daɗewa a duniya yana cin wasu kifaye, sinadarin zaiba yana taruwa a jikinsa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa shi cikin waɗanda mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara za su guje wa. Don Allah a kiyaye. Mu manya ma jefi-jefi ya kamata.

Maganar sanyi kuwa, Sisili da sauƙi, ba kamar Milan ba, iskar teku ce kawai ke shiga ƙashi a watan Janairu. Takardar zama tana son wasiƙarta daban, sai na zauna da natsuwa. Wanda zai taso nan kusa ya riƙo mini daddawa da kuka. A gaida su Inna da Baba.