Talata, ranar da sharar 'yan sama jannati ta shigo ajina

Yau bayan hutun tsakar rana na shiga ajin SS2. Darasin kemistiri ne, kan yadda wutar lantarki ke raba ruwa ya zama iskar oksijin da haidirojin. Zafi ya sa yaran sun fara gyangyaɗi, sai na ajiye alli na kawo musu zancen Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke zagaya duniya kimanin kilomita 400 sama da kawunanmu, kuma tun Nuwamban 2000 ba ta taɓa zama babu mutum a ciki ba.

Da na ce yawancin ruwan shan 'yan sama jannatin da ke tashar daga fitsarinsu da guminsu da tururin numfashinsu ake samo shi, aji ya kaure da surutu. Wata yarinya ta ce, "Malam, don Allah fitsari suke sha?" Na ce a'a. Ana mayar da shi tururi ne, gishiri da dauɗa su tsaya a baya, tururin ya huce ya koma ruwa, a sake tace shi, a sa masa aidin don kashe ƙwayoyin cuta. A 2023 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sanar cewa ta kai ga dawo da kashi 98 cikin ɗari na ruwan.

Daga cikin wannan ruwan ake fitar da oksijin ɗin da suke shaƙa, ta hanyar da nake koya musu yau ɗin nan. Haidirojin da ya rage kuma, a 2010 an kai tashar wata na'ura da ta riƙa haɗa shi da gurɓatacciyar iskar da suke fitarwa, a samu ruwa da iskar mitan. Paul Sabatier, masanin kemistiri ɗan Faransa, shi da abokin aikinsa suka gano wannan sama da shekara ɗari da suka wuce.

Bayan Isha'i na zauna zancen mitan ɗin nan yana ta cina. Ita ce iskar da ake samu idan aka rufe kashin shanu a rami ya ruɓe, a yi girki da ita, kuma da ita injinan rokar Starship ke tashi. Amma a tashar zubar da ita aka riƙa yi a sarari. Sauran tarkace, ledojin abinci da tsofaffin tufafi da bahaya, ana cusa su a kumbon dakon kaya irin su Cygnus da Progress, su ƙone ƙurmus a hanyar dawowa. Tunda duniya na kusa, ana iya yin hakan.

Tafiya duniyar Mars wata shida zuwa tara ce a zuwa kawai, ba wanda zai biyo ka da kaya. Shi ya sa injiniyoyin Cibiyar Kennedy ta NASA da ke Fulorida suka ƙera wata na'ura mai suna OSCAR, wadda ke ƙona shara ta mayar da ita iskar da za a iya sarrafawa a samu makamashi, suka gwada ta a rokar New Shepard a Disamban 2019. Ba a cika jin sunan masu wannan aiki ba, an fi ɗaukar hoton roka tana tashi, kuma hakan na ba ni haushi ƙwarai. A ganina, mutum ba zai je Mars ya dawo da rai ba sai waɗannan masu fama da shara sun gama aikinsu tukuna.