Garin ƙiba da ruwan jarka

Gabanin bikinta ƙanwata ta sayi garin ƙarin ƙiba, wai na gargajiya ne zalla, hulba da waken suya da gyaɗa. Ba a jima ba fuska ta kumbura ta yi zagaye, ƙafafu kuwa suna nan kamar sillan kara. A asibiti aka tarar sukarinta ya hau. Likita ya ce alamun dexamethasone ne, ƙwayar da wasu ke dakawa su zuba a irin wannan gari. Ya kuma hana ta yankewa farat ɗaya, don hakan ma haɗari ne, sai dai a riƙa ragewa a hankali.

Abin da ya tsaya min a rai, yarinyar nan dama ba ta cin abincin kirki. Ita ke girki, ta zuba wa maza tsokar nama, ta tsaya kan ƙanzo da ruwan shayi, sannan a ce ta rame, amarya ba ta cika ido ba.

Mu maza ma ba mu tsira ba. Da daddare muna gun mai tsire, mu kora da ruwan jarka na basir da ƙarfin maza. An sha gano sildenafil, maganin ƙarfin maza na bature, a ɓoye cikin irin waɗannan, kuma ga mai shan wasu magungunan zuciya yana iya faɗar da awon jini ƙasa warwas.

Ko lambar hukumar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe, wadda ake ba magungunan gargajiya, ba shaidar cewa maganin yana warkarwa ba ce. Mai lasifika a tasha kuwa ko ita ba shi da ita.