Fim ɗin dare ɗaya ya cinye min datar wata guda

Tun zamanin majigi nake kallo, muka wuce kaset, muka wuce faifai. Kallo a tafin hannu kuwa sai bana, da babban ɗana ya aiko min da waya mai shafawa ya ce in ajiye 'yar ƙaramar mai maɓalli. WhatsApp bai ba ni wahala ba, saƙon murya nake yi in huta. YouTube ne ya yi min aika-aika.

Jikanyata ce ta nuna min yadda zan danna alamar makirfo in faɗi abin da nake nema, ba sai na yi ta laluben haruffa ba. Ta ce, "Maigida, ka dai bi a hankali." Na ce, "Amarya, ni na koyar da ubanki karatu." A daren kuwa zafin Sakkwato ya hana barci, babu wuta, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida a nan Mabera, na samo wani fim ɗin Indiya fassarar Hausa, irin na binciken kisa. An kashe wani attajiri, duk wanda ke gidan abin zargi ne. Wallahi rabona da fim ya riƙe ni haka na manta. Na kama direba, na sake shi, na koma kan ƙanen matar. Har Hajiya ta leƙo tana tambaya da wa nake faɗa.

Ɗan sandan ya tara su a falo, ya ɗaga yatsa zai nuna mai laifi, sai hoto ya tsaya, wani ɗan zobe ya kama juyawa. Na ɗaga waya sama, na zaga har zaure, shiru. Na danna *323#, sai ga shi data ta ƙare ƙaf. Datar da aka sa min ta wata guda! Kuma kowa ya san tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, data ta zama abin lissafi ga ɗan fansho.

Da safe jikanyar tawa ta duba ta gano dalili. In ka bar YouTube ya zaɓa da kansa, kuma sabis yana da ƙarfi, sai ya ɗauko hoto mai tsananin kyau, wanda ke iya shan fiye da gigabait ɗaya a awa guda. Fim ɗin Indiya kuwa yakan doshi awa uku. Abin da ke ƙona min rai har yau shi ne babu wanda ya faɗa min, daga mai shagon da ya saita wayar har mai aiko ta. A ƙaramin allo, ga idon da ke bayan tabarau, 360p, wato ƙaramar lambar kyawun hoto, ya wadatar, kuma abin da yake sha bai kai rabin wancan ba.

Saboda haka tsarana, kafin ka fara kallo, taɓa allon, danna alamar nan mai kama da haƙoran inji, ka sauko da lambar. Ka kuma kashe maɓallin da ke sa wani bidiyo ya biyo baya da kansa, don in barci ya sace ka, waya za ta yi ta kallo ita kaɗai da kuɗinka. In fim mai tsawo ne, kai wa yaran nan masu turi a shago, su zuba maka a memori da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Haka na yi na ƙarasa nawa bayan la'asar. Ashe lauyan gidan ne, mutumin da ko sau ɗaya ban zarga ba. Yanzu Hajiya ta ce sai an sake shi daga farko, kuma kada in kuskura in faɗa mata.