Godiya ga waɗanda suka riƙe taron Ranar Martin Luther King

Assalamu alaikum. Kwamitin shirye-shirye yana miƙa godiya ga ɗalibai da malamai da mutanen unguwa da suka fito cikin sanyin Janairu domin taron kwalejinmu. Tun 1986 Amurka take hutu a Litinin ta uku ga wannan wata don tunawa da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, kuma a 1994 majalisa ta mai da ita ranar hidima ga jama'a, shi ya sa muka fara da haɗa kayan abinci na mabuƙata kafin jawabai.

Babbar godiyarmu ga masu kula da tattaki ce. Aikinsu ba ya fitowa a hoto. Mutum biyu a gaba suna rage sauri, biyu a baya tare da dattawa da masu keken guragu, sauran a gefen titi da riguna masu ƙyalli. Idan na gaba suka yi sauri, layi yana tsinkewa a mararraba, mota ta kutsa tsakani, nan rigima take farawa. Bana layin bai tsinke ba. Sun kuma bi ƙa'idar mai tsokana: mutum ɗaya ne zai yi masa magana, ba a taɓa shi, ba a kewaye shi, tafiya ba ta tsayawa.

Wannan natsuwa daga horon da aka yi kafin ranar ta fito, don haka mun gode wa malaman da suka jagorance shi. Sun koyar da matakai huɗu na fafutukar lumana da King ya zayyana daga kurkukun Birmingham a 1963: tattara hujja, tattaunawa, tsarkake zuciya, sannan fita fili. Na ukun ne matasa suka fi son tsallakewa, alhali shi ne gwajin ko za ka iya jure zagi ba ka rama ba. Sun kuma tuna mana ɗalibai huɗu baƙar fata na garin Greensboro da suka zauna a kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairu 1960, aka hana su kofi saboda launin fatarsu, suka ƙi tashi.

Masu lasifika, sannunku da ƙoƙari. Sanyi yana cinye batir da wuri, ajiye na canji a aljihun ciki ya hana jawabi yankewa. Mun gode wa ofishin da ya nemo izinin titi a kan lokaci, da masu fassara da yaren kurame, da ma'aikatan shara.

Duk wanda rigar aiki take wurinsa ya maido ta ofishin ɗalibai kafin Juma'a. Allah ya saka da alheri.