Kibiyar da ruwa ya wanke

Jiya na miƙa makullin ɗakin maikuroskof, na kwashe littattafan fili na shekara shida a kwali ɗaya. Waɗanda muka yi zaman ƙungiyar masu nazarin tektonik, wato motsin ɓawon ƙasa, da lanƙwasar duwatsu tare sun san labarin da zan faɗa, wasu ma suna cikin zauren taron ranar da abin ya faru. Amma sun san shi ne daga bakin wani, to yau ga shi daga nawa.

Aikina a kan wani zirin murɗa ne, inda ɓangarori biyu na ɓawon ƙasa suka gogi juna a can ƙasa, wurin da zafi ya wuce digiri 300 na Selsiyos, ma'adanin kwas da ke cikin dutsen ya daina karyewa ya koma miƙewa. Tambayar guda ce: ɓangaren da ke tsallake dama ya yi ko hagu? Zirin a tsaye yake, layin da ƙwayoyin dutsen suka miƙe kuma a kwance, saboda haka yankan da zai ba da amsa shi ma a kwance yake, kamar faifai. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san abin da hakan ke nufi. Ka kalli yankan daga sama ka ga dama, ka kalle shi daga ƙasa ka ga hagu. Kamar agogon gilashi ne da ka zagaya bayansa, hannun nan dai shi ne, amma sai ka rantse baya yake tafiya.

A fili ban yi sakaci ba. Kowane samfur sai da na ɗora masa kamfas, na zana kibiyar arewa da alamar sama kafin guduma ta taɓa shi. A ɗakin yanka ne na kashe kaina. Da na fitar da ƙananan gutsattsarin da za a manna wa gilashi, sai na mayar da kibiyar da alƙalamin maka kawai, ban yi tsaga a kusurwa ba. Ina sauri, taron shekara ya matso. Ruwan zarto da ruwan niƙa suka wanke tawadar, mai haɗa sulaid, wato gilashin da ake manna wa siririn dutse don dubawa a maikuroskof, ya ga fuskoki biyu fes, ya zaɓi wadda ta fi santsi ya manna. Ba laifinsa ba ne, ban taɓa cewa nasa ba ne. Aka niƙe dutsen har ya koma milimita 0.03, aka kawo mini, na leƙa: ƙwayoyin ma'adanin maika masu siffar kifi reras, ƙwayoyin ma'adanin felsifa da jelarsu, duk suna nuna hagu. Na yi murna kamar me.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, littafin filina ya faɗi gaskiya tun farko. A shafuka uku na zana manyan ƙwayoyin felsifa a kan shimfiɗaɗɗen dutse, na rubuta "dama" da alamar tambaya. Na kai wa Farfesa mai duba aikina littafin, na ce, "Ranka ya daɗe, abin da na gani a fili bai yi daidai da sulaid ba." Ko buɗewa bai yi ba. Ya ce ido a rana yana ruɗuwa, maikuroskof ba ya ƙarya, in daina ɓata masa lokaci. Shekara da shekaru yana cewa zirin hagu ya yi, ga kuma yaro ya kawo masa hagu a faranti. Ni ma na yi shiru, don amsar ta yi mini daɗi, kuma sunana zai fito kusa da nasa. Bayan nasa, ba shakka.

A taron, na gama jawabi, aka tafa. Sai wata dattijuwa da ta ƙarar da rayuwarta a kan mailonait, dutsen da ake samu a irin wannan ziri, ta ɗaga hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, hotunan nan daga sama kake kallonsu ko daga ƙasa? Ban ga tsaga a kusurwar sulaid ɗin ba." Bakina ya bushe. Na juya wajen Farfesa, shi kuwa ya karɓi makirfon ya ce aikin ɗalibi ne, tun tuni ya umarce ni in sake tantance samfurorin. Tun tuni! Na tsaya riƙe da sandar nuni ina kallon mutumin da ya ƙi buɗe littafina. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ranar mu biyu muka ja, ni kaɗai na jiƙe.

Wata huɗu na yi ina gyara. Na koma kan ragowar samfurorin da ke da kibiyarsu ta fili, na sake yanka, na tsaga kowace kusurwa da hannuna. Dama. Duka dama. Takardar da ta fito daga baya tana cewa dama, har yau ana ambatonta, kuma sunansa ne a gaba.

A watannin nan ne na karanta rigimar tsaunukan arewa maso yammacin Sikotilan, na ga ashe cutar daɗaɗɗiya ce a gidanmu. Roderick Murchison, shugaban hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya, ya dage cewa duwatsun wurin a jere suke yadda aka shimfiɗa su, tsoho a ƙasa, sabo a sama. James Nicol na Aberdeen ya ce a'a, tsagewar ƙasa ce ta hargitsa jerin. Archibald Geikie, matashi a lokacin, ya bi bayan mai muƙami, ya kuma hau kujerar daga baya. Nicol ya rasu a 1879 ba wanda ya ce masa sannu. Sai da Charles Lapworth ya je Eriboll, can cikin yankin, ya bi duwatsun taki-taki, sannan ma'aikatan hukumar Peach da Horne, waɗanda Geikie da kansa ya tura, suka dawo a 1884 da labarin cewa tsofaffin duwatsu ne aka turo suka hau kan sababbi. Lapworth ɗin ne ya raɗa sunan mailonait a 1885, daga kalmar Girkanci mai nufin wurin niƙa. Na so in ga kaina a Nicol. Da na natsu sai na ga ranar da na rufe littafina na yi shiru, Geikie na fi kama.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. A duba gyaran karkatar maganaɗisu a kamfas, wato bambancin arewar kamfas da arewa ta gaskiya, kafin a fita, ba bayan an dawo ba. Alamar motsi guda ɗaya ba hujja ba ce, a nemi iri biyu ko uku. A riƙa gaida masu ɗakin yanka, sun fi wasu masu digiri sanin dutse. In babba ya ba ka umarni da baki, ka aika masa saƙo kana maimaita abin da ya ce, cikin ladabi, ka ajiye kwafi. Ni ban yi ba.

Dattijuwar nan ta same ni a wajen shayi bayan jawabin, ta karɓi littafin filina ta yi ta juya shafuka har ta iso zanen felsifar. Ta daɗe a kai. Ta ce idona lafiyarsa ƙalau, in daina ba da shi aro. Ita ce ta rubuta mini takardar shaida zuwa inda zan tafi yanzu. Farfesa ban tambaye shi ba.

Na bar wa ɗaliban da ke tafe akwatin sulaid a durowa ta biyu, kowanne da tsagarsa a kusurwar arewa da rubutun "kallo daga sama" da fensirin lu'u-lu'u, ba da maka ba. Tsofaffin, marasa tsaga, na tafi da su.